Kwando Uku a Rudun Baba

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Hadiza ina zaune a zaure nan unguwar Mabera, sai na jiyo autarku Rabi ta bayan labule tana ba wata ƙawarta labari, wai da tuni babansu ya zama babban darakta, kakansu ne ya hana shi tafiya ƙaro karatu Zariya. Daga nan naman sunan bai ƙara yi mini daɗi ba. Na san inda ta samo zancen. Daga bakin Gwaggonku Kulu ne, yayata, wadda ta shafe shekaru tana maimaita shi har ya zauna a gidanmu daram. Ita ma ban ga laifinta ba. Mai laifi shi ne wanda ya san yadda aka yi ya kama bakinsa, wato ni. Don haka na keɓe wannan babi ga shekara ɗaya tak, ku ji yadda na rasa gurbin karatun nan, ku kuma sauke wa kakanku kayan da ba nasa ba.

Lokacin ina shekara ta biyu da kama aikin malamin gona, ban daɗe da auren mahaifiyarku ba. Ku da kuka san ni da furfura da sanyin magana ba za ku gane saurayin nan ba. Biro biyu a aljihun gaba, littafi a hammata, sabon keke, ga baki kamar reza. Gani nake duk manoman fadamar Rima ni suke jira in zo in fitar da su daga duhu. Shugabanmu a ofis shi ne Mista Bitrus, mutumin Filato da ya daɗe a Sakkwato har ya fi wasunmu sanin lungunanta, mutum mai haƙuri da son aiki tsaf. Wata safiya ya tara mu ya ce an ba ofishinmu gurbi ɗaya na ƙaro karatu. Kowannenmu zai yi gwaji a gonar manomi cikin ranin nan, ya rubuta rahoto, wanda nasa ya fi shi zai tafi. Duk mun san abin da wannan ke nufi. Wanda ya je ya dawo ya hau matakin manya, wanda bai je ba kuwa shi da keke da rana sai ritaya. Na sa wa raina gurbin nan har abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

Gwajin da na zaɓa ba nisa, a lambun Baba ne. Kakanku manomin albasa ne, kuma ɗan manomin albasa. Takinsa kashin awaki da na tumaki da toka, ana tara su tun damina, jakuna su yi ta jigila zuwa fadama. Takin zamani kuwa, da a lokacin ya fara yawa, ko kallo bai ishe shi ba. Akwai kuma wani abu da nake so ku riƙe, domin ni da aka haifa a cikinsa na manta da shi. Baba ba ya sayar da albasa lokacin cira, sa'ad da kasuwa ke cika ta yi arha kamar banza. Yakan zuba ta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa mai ɗagaggen ƙasa da iska ke ratsawa, ya bar ta har damina ta kankama, albasa ta yi wuyar samu, sannan ya fito da ita. Haka yawancin maƙwabtansa suke yi. Da abin da ke fitowa daga rudun nan aka ciyar da mu, aka yi mana sutura, aka sa ni boko.

Na sami Baba a lambu na roƙi fangali goma sha biyu, irin ƙananan gadajen nan da ake dasa albasa a ciki ana ba su ruwa. Na zuba masa bayani kamar ina gaban aji. Na ce huɗu za a sa musu takinsa, huɗu takin zamani, huɗu kuwa ba za a sa musu komai ba. Iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, ruwa daidai wa daida, cirar ciyawa rana ɗaya, domin in an ga bambanci a san taki ne ya kawo shi ba wani abu ba. Na ce kuma dole kowane kashi ya zama huɗu, saboda guda ɗaya yana iya yin kyau don dace kawai. Ya saurare ni har na gama, yana murza ƙasa a tafin hannunsa.

"To, huɗun ga da ba a sa ma komi, laihin mi sunka yi?" in ji shi.

"Baba, su ne shaidu. Da su za a gane abin da ƙasa ke iya yi ita kaɗai."

"Ashe boko har shaida shika kira. To, Allah shi ba su haƙuri."

Ya nuna mini ɓangaren da ke kusa da rijiya ya ce in ba takin zamani can, tunda baƙo ne. Na ƙi. Na yayyanka takarda goma sha biyu, na rubuta, na zuba a hulata, na ce ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowane fangali abin da ƙuri'a ta ba shi shi ke nan, kada son raina ko nasa ya shiga. Wannan ya burge shi, na ga alama a fuskarsa ko da yake bai faɗa ba. Da na kafa 'yan alluna da rubutun boko a bakin kowane fangali, sai ya yanko kaba ya ɗaura wa kowane turke igiya: ƙulli ɗaya takin zamani, ƙulli biyu nasa, ƙulli uku marayun da ba a ba komai ba. Ya ce kowa da irin rubutunsa.

Wata uku da 'yan kai na yi ina sintiri tsakanin ofis da fadama. Kowace Laraba in durƙusa da rula ina auna tsawon ganye ina rubutawa. Maƙwabta suka samu abin nishaɗi. Malam Ɗanjuma, mai lambun da ke jikin namu, kullum sai ya ɗago murya ya tambaya ko riga zan ɗinka wa albasar, ya ce in na gama in zo in auna tasa, sallah ta kusa. Baba ba ya dariya tare da su, ba ya kuma tsawata musu. Abin da zan shaide shi da shi har gaban Allah shi ne bai taɓa cutar gwajin nan ba. Marayun nan suna gabansa, ganyensu ɗorawa-ɗorawa, na san ransa na sosuwa duk sanda ya wuce su, amma ko tafin toka bai taɓa watsa musu a ɓoye ba. Masu ƙulli ɗaya kuwa, da na zuba wa farin takin nan yuriya har sau uku ba tausayi, suka yi kore shar, suka miƙe har gwiwa. Masu tsokanar tawa suka fara rage murya, wasu na zagayowa da yamma su tsaya suna kallo.

Ranar cira na aro sikeli daga kasuwa, muka rataye shi a reshen mangwaro, mutane suka taru kamar ana rabon gado. Aka auna fangali bayan fangali. Ba sai na ja ku da nisa ba, takin zamani ya yi kaye. Albasarsa manya-manya, wata sai hannu biyu. Ta Baba matsakaita, marayu kuwa 'yan ƙanana kamar ƙwan zabi. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa, kaina ya yi girma har hular ta so ta ƙi zama. Baba ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan, ya juya ta, ya danna wuyanta da babban yatsa. Ya daɗe yana dannawa.

"Umaru, ba ranar cira akan auna albasa ba."

Na ɗauka zafin kaye ne. Har na ce masa a gaban mutane ai sikeli ba ya ƙarya, maganar da har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni. Gwaggonku Kulu, da ta zo ɗibar lawashi don ta daka ta shanya ta yi gabu na miya, ta harare ni ta ce lalle albasa ba ta yi halin ruwa ba. Baba dai ya roƙi in bar masa kwando ɗaya daga kowane kashi, na ba shi da hannu sake, a zatona na miyar gida ne.

Rahotona ya yi kyau, ba yabon kai ba. Mista Bitrus ya karanta shi sau biyu, ya yaba da shaidun, ya yaba da ƙuri'ar, ya ce ko a manyan makarantu haka ake yi. Ya aika da shi sama tare da sunana. Daga can aka ce za a buga takardar shawara ga manoman albasa bisa abin da na samu. A fadama kuwa ba a jira takarda ba, gani ya kori ji. Malam Ɗanjuma da kansa ya tare ni a hanya, ba tsokana yanzu, yana kirana Malam, ya ce baɗi duk lambunsa farin taki zai ci, har ya yi wa wani alkawarin tarin takin awakinsa. Da ruwa ya sauka takardar tafiyata ta iso. Mahaifiyarku ta fara haɗa mini yaji da ƙuli-ƙuli na guzuri, Inna, kakarku, ta aika ƙauye a gaya wa dangi.

Saura mako uku in tafi, wata Juma'a da hantsi, Baba ya aiko in zo in taya shi juya albasa a rudu. Na je ina ƙunƙuni a raina. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni, wanda duk ɗan gidan albasa ya sani, warin ruɓa. Can ciki, a gefe, ga kwanduna uku a jere, kowanne da igiyar kaba a bakinsa. Baba ya ce in zazzage su da kaina. Mai ƙulli uku, marayun nan, ƙanana ne yadda na san su amma lafiya lau. Mai ƙulli biyu, nasa, na tsinci ruɓaɓɓu 'yan kaɗan, saura ƙwam kamar dutse, ɓawonsu na ƙara. Da na kifar da mai ƙulli ɗaya sai ruwa baƙi ya biyo yatsuna. Fiye da rabi sun narke daga wuya, wasu sun tsiro, waɗanda suka rage ma in ka danna sai su lotsa. Nan take bakina ya fara neman mafita. Na ce wataƙila wannan kwandon ya fi kusa da inda ruwa ke feso wa.

"Dut Juma'a sai na musanya musu wuri," in ji Baba. "Wanda ad dama shi koma hagu, na hagu shi dawo tsakiya. Don kak ka ce wani ya hi wani shan iska. Kai kak koya man."

Wato wata huɗu ke nan tsohon nan yana ci gaba da gwajin da ni na rufe littafinsa, da ƙa'idojin da na karanta masa ina hura hanci. Ni na tambayi wane taki ya fi cika kwando, na samu amsa ta gaskiya. Shi kuwa tambayar da ke ciyar da gida ya yi: wace albasa ce za ta kai damina. Har ya ƙara da cewa kada in ɗauki nasa da girma sosai, kwando ɗai-ɗai ne, ni kuwa na ce sai huɗu ake yarda. Wannan ta fi komai karya mini zuciya. Na zauna a kan buhu, idona ya cika da hawaye, ba kuma albasar ce ta jawo su ba.

Yanzu ku buɗe kunne, ga abin da kakanku ya ce, kalma da kalma yadda na riƙe ta:

"Ban hwaɗa ma kowa ba, kuma ba ni hwaɗi. Na gwada ma don ka sani, ba don ka zamna ba. Tahi karatunka. Ɗanjuma da saura ni ka lallashinsu sannu-sannu."

Kun ji. Mutumin da aka ce ya hana ni tafiya, shi ne ya ce in tafi.

Kwana uku ina juya maganar. Na gaya wa kaina rahotona ba ƙarya ba ne, abin da sikeli ya nuna na rubuta. Na gaya wa kaina in na dawo da babban ilimi sai in gyara. Amma na san Baba zai iya lallashin Ɗanjuma da mutum biyar ko shida, ba zai iya bin takardar gwamnati ƙauye-ƙauye yana lallashi ba. Duk mai rudun da ya bi shawarata zai cika shi da murna a bazara, ya buɗe shi da damina ya tarar da abin da na tarar, kuma wannan abincin shekararsa ne. Na gaya wa mahaifiyarku komai tana tsaka da ɗaure guzurina. Ban manta ba, abin ya yi mata zafi, domin ita ma ta ƙwallafa rai, ta riga ta ga kanta matar babban ma'aikaci. Can ta ce ita ba ta san boko ba, amma ta san in aka ce mata tuwo ya dahu ta sauke ta tarar da gari a tsakiya, ba za ta kai wa baƙi ba. Ta kwance ƙullin yajin ta mayar cikin kwano.

Ranar Asabar ɗin makon da ya biyo baya da la'asar na hau keke zuwa Sabon Gari da albasa uku a jaka. Na sami Mista Bitrus a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Na jera masa su a kan benci, na ba shi labari. Ya danna kowacce, ya shinshina yatsansa, ya cire tabarau.

"Malam Umaru, ka san abin da zai faru in na aika da wannan? Aikin da aka gama suke nema. In mai aikin da kansa ya ce bai gama ba, sunan da ke bin naka za su ɗauka. Kuma ka kunyata waɗanda suka riga suka yaba maka."

"Na sani, Yallaɓai."

"Ba wanda zai ce ka yi ƙarya in ka yi shiru."

"Babana zai sani. Shi ya juya kwandunan."

Ya tashi ya shiga ciki ya kawo mini takarda da biro. A kan bencin nan na rubuta shafi ɗaya: cewa gwajina ya tsaya a ranar cira, cewa manoman nan ajiyewa suke yi, cewa wani manomi ya ci gaba da gwajin a rudunsa ga kuma abin da ya gani, cewa kwando ɗai-ɗai bai isa hujja ba amma ya isa a dakata da buga shawara sai an sake. Mista Bitrus ya haɗa da tasa wasiƙar yana roƙon a bar mini gurbin. Ba a bar mini ba. An dakatar da takardar shawarar, aka ba abokin aikina tafiya, kuma ya cancanta, har yau muna zumunci. Aka ce in jira baɗi. Baɗi ba a ba ofishinmu gurbi ba, bayan nan aka daina shirin gaba ɗaya, ku kuma kuka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban taɓa jin zafi ba. Duk sanda motar ofis ta wuce ni da wanda muka fara aiki rana ɗaya a kujerar baya, ina tura keke a yashi, sai na kau da kai. Amma ban taɓa cewa da na sani ba.

Baba ya yi fushi ƙwarai. Kusan wata guda in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Ya gaya wa Inna da ya san haka zan yi da ya zubar da kwandunan a gulbi. Da lokacin dashe ya zo kuwa, na iske ya riga ya ware fangali goma sha shida ya yanko kabarsa, ya ƙara kashi na huɗu, takinsa da ɗan takin zamani kaɗan tun albasa na ƙarama. Shekara uku muna yi tare, kwando huɗu-huɗu a rudu, kuma wannan haɗin nasa shi ya fi dacewa da mai ajiya. Shi na yi ta koya wa manoma har na yi ritaya.

Saura abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Gwaggonku Kulu abin da ta gani kawai shi ne Baba ya kira ni rudu, na fito da jajayen idanu, bayan mako guda aka ce na fasa tafiya. Ta haɗa ɗaya da ɗaya ta yanke hukunci, ta baza wa dangi cewa tsoho ya ƙi a raba shi da ɗansa namiji. Magana ta dawo kunnena, na yi shiru. Dalili kuwa ba mai kyau ba ne. Ya fi mini daɗi a riƙa kallona a matsayin haziƙin da aka danne, da a san ni ne malamin gonar da ya manta abin da ake yi da rudu. Shi ma Baba ya ji. Ya riga ya ce mini ba zai faɗa wa kowa ba, kuma bai faɗa ba. 'Yan'uwansa suka yi masa gori a wurin biki da wurin makoki, ya haɗiye, har ya koma ga Mahaliccinsa bai buɗe baki ya kare kansa ba, don kada ya tona ni. Na iya rubuta shafin gyara ga ofis cikin kwana takwas, amma na gidanmu sai yau, bayan wanda ya fi cancanta ya ji shi ya daɗe a ƙasa. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya yafe mini.

Igiyoyin kabar nan uku suna cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun aiki. In kun gan su bayan raina kada ku ɗauka laya ce ku ƙone. Ke kuma Rabi, tunda ke kika ɗauko zancen, ke za ki mayar da shi. Ki ɗauki wannan babi ki kai unguwar Minanata gidan Gwaggonki Kulu, ki zauna kusa da ita ta ɓangaren dama, ki karanta mata tun daga farko. Ki ɗaga murya sosai, kunnenta ya yi nauyi, kuma ba na so ko kalma ɗaya ta wuce ta.